Wasiƙar da Kawu ya sa na rubuta

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar, Kawu ya zaunar da ni a kan tabarma a zaurensa na Gwammaja, ya yago falle biyu daga tsakiyar littafin jikarsa, ya miƙo mini tare da biro, ya ce, "Rubuta."

Na ce, "Kawu, ai yanzu imel ake yi."

Ya ce, "Kai dai rubuta. In ka gama ka ɗauki hotonta ka tura ta duk inda ka ga dama, amma sai ta fara zama takarda."

Rabona da rubuta wasiƙa da hannu tun ina aji uku a sakandare. Hannun da ya saba da ɗan sukundireba da ƙarfen narka dalma, sai ga shi yana rawa a kan layi. Kafin in faɗi abin da muka rubuta, sai na koma baya kaɗan, don wanda bai san Kawu ba zai ɗauka rigimar tsufa ce kawai.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya fi shekara talatin yana gyaran rediyo a wata 'yar rumfa a Sabon Gari, kuma a gabansa na fara sanin warin dalma. Ni yanzu waya nake gyarawa a Farm Centre, sana'ar da har gobe bai yarda gyara ba ce. Cewa yake, "Ku ai cire-sa kuke yi. A cire gilashi a sa gilashi." Ba na musu da shi, don akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Shi a zamaninsa sai ya bi layin wuta ɗaya bayan ɗaya da kunne da ɗan yatsa har ya gano ƙwayar da ta mutu.

Amma kafin ya zama mai gyara, mai sauraro ne, kuma irin na da. A da, ranarsa a kan tashoshi take tafiya kamar yadda take tafiya a kan salloli: Amurka da shida na safe, Landan da shida da rabi, Jamus da biyu na rana, tsakanin nan kuma Kaduna da Rediyon Kano. Da Freedom ta zo a 2003, sai Inda Ranka ta shiga jerin, ya matsa mata wuri kamar baƙuwar da ta zo da goro. Yana da wani tsohon gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado, cike da amsoshin da tashoshi suka aiko masa: kalanda, takardun jadawalin shirye-shirye, ambulan masu tambarin Bush House a Landan, wasu daga Kolon tun kafin Jamusawan su koma Bon. Ya san BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus a 1963, Amurka a 1979, yadda wani ya san shekarun haihuwar 'ya'yansa. Sau biyu aka karanta tambayarsa a Amsoshin Takardunku, kuma duk wanda ya taɓa shan shayi a zaurensa ya sha labarin fiye da sau biyu.

A wurinsa, shiri bai cika ba sai mai sauraro ya amsa. Yakan ce mutum ya yi maka sallama daga bangon duniya, kai kuma ka yi gum, wane irin rashin tarbiyya ke nan?

To, akwai wani abu da ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya. A gajeren zango, in ka baro mita 19 kana gangarowa wajen mita 25, akwai wani ɗan wuri da ake jin wasu muryoyi kamar agwagwa na magana a cikin tulu. Ka san mutum ne, ka ji yana tsayawa wani ya amsa, amma ko kalma ɗaya ba za ka tsinta ba. Masu kawo gyara wasu su ce 'yan leƙen asiri ne, wata tsohuwa ta taɓa ce masa mutanen ɓoye ne, ya rufa wa kansa asiri ya bar wurin. Wani Bature da ya kawo masa gyara tuntuni ya gaya masa cewa mutane ne masu ƙananan tashoshi a gidajensu. Iyakar abin da ya sani ke nan, shekara da shekaru.

Ni kuwa ta wata hanya daban na faɗa cikin mutanen. Farkon 2024 ina neman zanen wani ɗan ƙaramin allon rediyo a intanet, daga wannan shafi zuwa wancan, sai na tsinci kaina a duniyar masu rediyon sha'awa. Mutane ne da ke zana jarrabawa su karɓi lasisi da lambar kira, su kafa eriya a bayan gida, su riƙa magana da junansu daga ƙasa zuwa ƙasa, ba don kuɗi ba. Dokar abin ma ta hana kasuwanci a kai, ta hana sa kiɗa. Kuma ashe suna da shirye-shiryen labarai nasu na kansu, waɗanda ake karantawa ta iska, a kuma ɗora su a matsayin fodkas don irinmu masu waya. Biyu na fi riƙewa. Akwai Amateur Radio Newsline na Amurka da ke fitowa duk mako, akwai GB2RS na ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Birtaniya, wanda 'yan sa-kai ke karantawa duk Lahadi tun 1955. Ka lissafa, ya girmi Sashen Hausa na BBC da shekara biyu.

Turancina na kasuwa ne, don haka nakan rage saurin maganar, in sa abin ji a kunne ɗaya, ɗayan in bar wa masu ciniki. Haka nake aiki: waya a buɗe a gabana, ana ihun "oga, cajin ba ya shiga" ta dama, ta hagu kuma wani dattijo a Ingila yana bayanin yadda rana ta tashi da tabo a wannan makon. Labaransu ba irin na manyan tashoshi ba ne. Wasu sun ɗauki kaya sun tafi wani tsibiri da ba kowa don a samu a yi magana da shi. An yi ambaliya ko girgizar ƙasa a wani wuri, layukan waya sun mutu, masu rediyon sha'awa ne suka riƙa isar da saƙo. 'Yan makaranta sun yi magana kai tsaye da 'yan sama jannatin da ke tashar ƙasa da ƙasa ta sararin samaniya. Ga gasar ƙarshen mako, ga taron da za a yi. Muryoyin ma ba gogaggu ba ne can. Wani ya yi tuntuɓe a kan sunan gari ya sake, wani kana jin ɗakinsa ƙarami ne. Ni dai wannan ne ya sa na yarda da su. Mai karanta abin da ya dame shi daban yake da mai karanta abin da aka miƙo masa, ko da ba ka jin yaren sosai.

Na daɗe ban gaya wa Kawu ba, don na san halinsa da duk abin da ya fito daga waya. Sai a watan Mayu na 2024, wajen 10 da 11 ga wata, ya kira ni yana faɗa wai rediyonsa ya shaƙe, tashoshin waje sun ɓace sai shuuu. Na je da yamma na same shi ya kwance bayan tsohon National ɗinsa, ya jera sukurori a murfin kwano. Na ce ya mayar, lafiyar rediyo ƙalau, rana ce ta yi aman wuta. Ya dube ni ta saman tabarau. Na yi masa bayanin abin da na ji: gajeren zango ba miƙewa yake ba, sama yake tafiya ya bugi wani rufi na iska can ƙololuwa ya dawo ƙasa, shi ya sa muryar da aka harbo daga tsibirin Asenshon a tsakiyar Atlantika take sauka a Gwammaja. Rana ce ke gina wannan rufin, ita ce kuma ke hargitsa shi in ta fusata, kuma tana da zagaye na kusan shekara 11 tsakanin lafawa da tashi. Guguwar ta wannan makon, rabon da a ga irinta tun 2003.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wa ya gaya maka?" Na ce wasu tsofaffi ne irinsa. Bai ce komai ba, ya mayar da sukurorinsa. Bayan kwana biyu tashoshi suka dawo, ya aiko jikarsa da ƙosai a leda, ba saƙo. Na gane.

Abin da ya kawo shi gaba ɗaya shi ne watan Maris na 2025, lokacin da Muryar Amurka ta yi tsit bayan umarnin da Trump ya sa wa hannu. Mutumin da ya shekara arba'in da wani abu yana buɗe ido da wannan tasha, ya wayi gari ba kowa a wurin. Wannan karon bai kwance rediyo ba, ya riga ya ji labari. Amma na lura da shi, ƙarfe shida na yi sai hannunsa ya tafi kan abin murɗawa da kansa. A Lahadin da ta biyo baya na zo da 'yar sifika, na kunna masa labaran masu rediyon sha'awa, ina tsayarwa ina fassarawa. Na ɗauka minti biyar zai kore ni. Sai da muka kai ƙarshe.

Abin da ya kama shi ba tsibirai ba ne, ba 'yan sama jannati ba. Wurin da suka ambaci wani nasu da ya mutu ne. Suna da yadda suke faɗa, sai su ce maɓallinsa ya yi shiru, wato ɗan ƙarfen da ake buga saƙon Mos da shi, su faɗi sunansa da lambar kiransa da abin da ya yi wa jama'arsu. Kawu ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Ashe su ma suna sanarwar rasuwa." Daga ranar ya daina ce musu Turawan wayarka, ya koma ce musu mutanen nan.

Tun daga nan Lahadi ta zama tamu. Ya ji cewa kowace ƙasa da harafinta, Najeriya 5N, Nijar 5U, ya rubuta a bangon littafinsa. Ya ji cewa marigayi Sarki Husaini na Jodan ma yana cikinsu, lambarsa JY1, kuma talaka na iya kiransa ya amsa, ya yi ta jinjina kai, sarki guda! Ya ji ƙungiyarsu ta duniya a Faris aka kafa ta a 1925, suna bikinta duk 18 ga Afrilu. Amma abin da ya fi faranta masa shi ne katin da suke kira QSL: in kun yi magana da mutum, ko ka ji shi kawai, sai ka aika masa rana da lokaci da zango da yadda muryar ta fito, shi kuma ya aiko maka da katin shaida. Kawu ya tashi da kansa, gwiwa na ƙara, ya jawo gwangwanin biskit. "To ni me nake yi tun kafin a haife ka?"

Saura agwagwar cikin tulu. Sai da na fahimci abin sosai kafin na iya faɗa masa da Hausa. Tashar gajeren zango ta yau da kullum kamar jaki ce da mangala: jaki a tsakiya, kaya a dama, irin kayan nan dai a hagu. Masu rediyon sha'awa wutarsu kaɗan ce, wurin da aka ba su ma ƙunci ne, sai suka ga asara ce. Suka sauke ɓari ɗaya, suka kori jakin ma, suka turo ɓari guda kaɗai. Dole rediyon da zai karɓa ya zo da nasa jakin ya ɗora kayan, in ba shi da shi kuwa sai kwakwa. Wannan shi ne SSB. National ɗin Kawu da 'yan Kchibo da ke hannun kowane mai gadi da mai shayi duk ba su da jaki.

Na yi adashi na sayi ɗan rediyon Tecsun mai SSB. A nan na yi wauta tawa: ɗoki ya sa na ɗaure doguwar wayar eriya daga darbejiyar ƙofar gida zuwa kan soro ba tare da na lura ta gitta kusa da wayar sola ta maƙwabci ba. Muka kunna, ba abin da ke fita sai ƙara kamar ana soya wainar fulawa. Mako biyu ina zargin rediyon, har na fara shirin mayarwa. Kawu ne ya ɗauke shi a hannu yana zagaya tsakar gida kamar mai neman ɓera, ƙarar na ƙaruwa na raguwa, har ya gano inbata da cajojin waya da fitilun zamani ne ke cika unguwar da hayaniyar da kunne ba ya ji. Ya dube ni, bai ce cire-sa ba, amma na ji ta.

Muka sauya wa eriya hanya. Wani maraice cikin hunturu, an ɗauke wuta, masu janareto ba su kai ga tayarwa ba, unguwa ta yi tsit ta sama da ta ƙasa. Muka hau soro da bargo. Na kai shi mita 20, wajen megahaz 14, agwagwar ta fito. Na danna SSB, na miƙa wa Kawu, don shi ya kamata ya murɗa. Ya sa babban yatsa yana juya ɗan ƙaramin abin a hankali, kansa a karkace. Muryar ta tashi daga ƙasa kamar ta basamude, ta sirance kamar ta yaro, sannan ta zauna daram: wani mutum da Turanci mai karin Italiya yana kiran CQ, CQ, wato duk mai ji ya amsa. Wani ya amsa daga Sifen. Suka faɗa wa juna suna, da gari, da yadda murya ta iso, da yanayin garinsu, aka ce 73, wato gaisuwa da fatan alheri, aka rabu.

Kawu ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

Ya yi dariya har da tari. "Shekara arba'in ina zaton wani babban sirri ne. Ashe gaisawa suke."

Mu dai saurare kawai muke, ba mu da lasisin magana, kuma Kawu ya ce a shekarunsa kunne ya ishe shi.

Akwai kuma wani na kusa, wanda da ban fara jin na nesa ba da ban ɗauke shi da daraja ba. Wani matashi ne gida uku tsakaninsa da Kawu, ya gama karatu yana jiran aiki. Kusan kullum da dare yakan naɗi murya ta minti bakwai ko takwas ya tura a WhatsApp na unguwa: yadda kwanon gero da masara suka kwana a Dawanau, tumatir a Yankaba, wace kwata ce ta toshe, gidan wa za a yi suna, ina za a yi jana'iza, yaron da ya ɓata da kalar rigarsa. Kana jin adaidaita sahu na wucewa a bayansa, wani lokaci kiran sallar isha ya katse shi. Matan unguwa da shi suke lissafin cefane. Amma in ka duba ƙasan saƙon, daga mai turo ɗan yatsa sai mai cewa ya cika surutu. Ni kaina sau nawa na ji na wuce.

A nan ne Kawu ya kama ni. Ya tambaye ni, mutanen nan da muke ji duk Lahadi, nawa ake biyansu? Na ce akasarinsu sa-kai ne. Ya ce, ni nawa nake biya? Na ce kuɗin data. Ya ce wannan ai na kamfanin waya ne, su fa? Na yi shiru. Ya ce shekara nawa ina jin su? Na ce ta kusa biyu. "Ka taɓa ce musu sannu?" Wallahi sai na ji kamar an kama ni da hannu a tukunyar wani. Ina gyara wayoyi ɗari da za su iya aika saƙo Amurka cikin ƙiftawar ido, ban taɓa aika kalma ɗaya ba, shi kuwa da yake taka sayyada zuwa gidan waya ya sayi kan sarki ya jira wata biyu, gwangwaninsa a cike.

Shi ne asalin falle biyun nan. Yana faɗa da Hausa, ina juyawa da Turancin da Allah ya hore mini. Tsarinsa bai canza ba tun zamanin Bush House. A sama rana da lokaci, a agogon Najeriya da na GMT, kada a sa mutane lissafi. Sai inda aka saurara: Kano, arewacin Najeriya, a zaure, ta wayar ɗan ƙanwata. Sai abin da aka ji, dalla-dalla, don su san ba daɗin baki ba ne. Ya sa na rubuta labarin guguwar rana da sukurorin da ya mayar, da daren da agwagwa ta zama mutum. Ya ce a yi musu ta'aziyyar waɗanda maɓallansu suka yi shiru. Sannan gyara ɗaya, don a wurinsa wasiƙar da ba gyara a ciki ta maroƙa ce: su riƙa rage sauri in sun zo faɗar lambobin zango, akwai masu fassara wa tsofaffi. Da na gama ya karɓi biro, ya sa hannu, ya tambaye ni yadda suke rubuta gaisuwar nan tasu, ya zana 73 a ƙasa da hannunsa, bakwai ɗin da 'yar sanda a tsakiya.

Falle na biyu da Hausa ne, na yaron unguwa. Na ce ai sai in tura masa a waya, ko in leƙa in gaya masa, ga gidansu nan. Kawu ya ce a'a. Ya yaba masa kan labarin yaron da ya ɓata, ya ce muryarsa na fita sarai amma ya matsa daga bakin titi. Gyaransa shi ne, ɗan nan, duk mai ba da labari da rana da lokaci yake farawa, don wani sai gobe zai ji ka, kada ya tafi jana'izar da aka riga aka yi. Ya ninke takardar gida huɗu, ya kira jikarsa ta kai, ya ce ta yi sallama ta ba shi a hannu.

Ta waje na ɗauki hotonta na tura a daren. Asalin takardar tana aljihun rigata, don Kawu ya ce duk da haka a sa mata kan sarki, kuma ya ba ni kuɗin da na san ba za su isa ba.

Daren Litinin na biya in kai masa batir. Muna zaune waya ta yi ƙara, saƙon yaron ne. Na kunna. Ba ƙarar adaidaita, da alama daga cikin ɗaki ya naɗa. Ya yi sallama, ya ɗan yi gyaran murya, ya ce yau Litinin, ƙarfe tara da kwata na dare, daga Gwammaja. Kawu ya ajiye kofin shayinsa ya ce in ƙaro murya.